Bebe, Keken da Ba Ya Shan Fetur

Duk wanda ya san Iro mai gyaran fanka a unguwar Jekadafari ta Gombe ya san cewa idan babur ya wuce ya feso hayaƙi, sai Iro ya juya kai ya tofar da yawu. Wasu suna cewa tsirfa ce da iyayi. Ba tsirfa ba ce. Ƙyama ce da ya tashi da ita tun yana yaro, kuma yana da dalilinsa.

Mahaifinsa mutumin wajen Malumfashi ne. Ya zo Gombe cinikin auduga, ciniki ya karye, sai ya kafa tebur a bakin titi ya zama ɗan bumburutu, yana sayar da fetur a galan da kwalba. Sana'ar ba ta da wani sirri. Direba ya raɓe a lungu, ka zura tiyo a tankinsa, ka sa baki ka zuƙa har man ya taho, sannan ka yi maza ka mayar da bakin tiyon cikin jarka. Duk ƙwarewar mutum sai ya kurɓi rabonsa. Tsohon ya yi shekaru yana kurɓa, har ya zama idan ya yi gyatsa a zaure ana jin warin a tsakar gida. Leɓensa ya yi fari ya tsattsage. Kwanon da ya ci tuwo a ciki, ko da toka aka dirje shi, sai ka ji fetur a gefensa.

Iro yana ɗan ƙarami ya daina cin kwano ɗaya da ubansa. Bai taɓa faɗin dalili ba. Kullum aka kira shi sai ya ce ya ƙoshi, ya zagaya wurin uwarsa ya ci ƙanzo. Tsohon ya gane. Bai yi masa faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba, kawai ya daina kiransa, ya riƙa jan kwanonsa yana ci shi kaɗai, fuskarsa a bango. Har tari ya kwantar da shi ya rasu ba su sake haɗa hannu a kwano ba. Abin yana cin Iro a rai har yau, amma ya san ko da za a dawo masa da tsohon, hancin nan nasa ba zai canza ba.

Sau ɗaya tak aka taɓa sa masa tiyo a baki, ran da uban ya kwanta zazzaɓi. Ya zuƙa, man ya cika masa baki ya wuce maƙogwaro, ya yini yana amai a bayan gida. Da ya miƙe bai koma wurin teburin ba. Ya je ya durƙusa gaban wani mai naɗin waya a kasuwa ya ce a koya masa. Teburin ya faɗa hannun ƙanensa Nuruddeen, wanda Allah ya hore wa hanci marar gardama.

Naɗin waya sana'a ce mai tsabta, abin da ya ja Iro ke nan. A kawo maka fanka ko injin tura ruwa da ya ƙone, ka buɗe cikinsa, ka zare ƙonanniyar waya, ka naɗa sabuwa ja-wur, ka shafe, ka shanya a rana. Hannunka ba ya wari sai na jan ƙarfe. Da wannan sana'ar ya auri A'i, da ita aka yi sunan 'yarsu Ihsan, yarinya mai surutu wadda tun da ta iya zama take cin abinci a kwanon ubanta. Iro ba ya sa hannu a tuwo sai ta zo ta zauna.

Sai zamani ya juya. Wuta ta yi ƙaura daga unguwa, kuma fankar da ba ta juyawa ba ta ƙonewa. Ga fankokin roba masu arha sun cika kasuwa, in ta lalace a jefar. Ana cikin haka masu tayar da ƙayar baya suka hana arewa maso gabas barci. Mutanen Borno da Yobe suka yi ta kwararowa Gombe da ƙullin kayansu, sojoji suka kafa shingaye a hanyoyi, aka takura wa masu babur, kowa ya koma Keke Napep. Iro sai ya yini a shago ba wanda ya yi masa sallama.

Teburin Nuruddeen kuwa ya samu kasuwa, don duk sanda gari ya rikice mai yakan ɓace daga gidajen mai ya ɓullo a galan. Nuruddeen ya zo har gida ya ce yayansa ya zo su haɗu, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A'i ma ta sa baki, cikin ladabi, ta ce ai ba sata ba ce. Iro ya ce ya sani ba sata ba ce, amma bakinsa da tiyo sun yi sallama tun yana yaro, kuma zai ciyar da gidansa ba tare da 'yarsa ta ji wannan warin a jikinsa ba.

Maganar tuƙa keke ma ta zo, sai dai keke fetur yake sha, kuma direba yana zaune ne a kan warin tun safe har yamma. Nan ne tunanin ya faɗo masa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana sa ƙarfe ya juya da wuta, me zai hana ya sa ƙafar keke ta juya?

Ya samo gawar wani keke wurin 'yan gwangwan, inji ya buga, rufi ya yage. Abu na farko da ya yi shi ne ya ciro injin da tankin ya mayar musu, sannan ya yi ta wanke gangar jikin da ruwan zafi da sabulu har A'i ta tambaye shi ko lefe za a sa shi. Injin wutar kuwa daga wani tsohon kamfanin gurzar auduga da ya rufe ya fito, cikin wata matacciyar motar ɗaga dila da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Ya kwance shi, ya sake masa naɗi da hannunsa, ya haɗa shi da ƙafafun baya da sarƙar babur.

Saura batura, kuma maganar batir a garin nan sai Amobi na unguwar Herwagana. Amobi ɗan kudu ne, amma a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Jekadafari daɗin ji, yana sayar da batura yana kuma yi wa mutane caji a bayan shagonsa. Da Iro ya gaya masa abin da yake so, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya tashi ya shiga ciki ya fara jawo manyan baturan da ofisoshi suka yar. Ya zuba musu ruwan batir, ya farfaɗo da guda shida, suka jera su a ƙarƙashin kujerar baya.

Gwajin farko abin kunya ne. Iro makunni kawai ya sa, ko a kashe ko a kunne. Yana dannawa keken ya yi tsalle kamar an tsikari jaki, ya bi ta kan turmin A'i ya rungumi katangar maƙwabci. Yara suka yi ta ihu. Sai da Amobi ya aika Onitsha aka kawo wani ɗan akwati mai sakin wuta a hankali, sannan keken ya koyi tafiya irin ta mutane.

Ba ya ƙara ko kaɗan, sai ɗan shuu na taya a kan kwalta. Shi ya sa yaran unguwa suka sa masa suna Bebe. Kaji da awaki ba sa jin zuwansa, dole Iro ya rataya masa ƙararrawa irin ta masu sayar da ƙanƙara. Ba shi da sauri, kuma a hawan tudu sai ka ji tausayinsa. Amma matan unguwar Gabukka masu zuwa kasuwa sun so shi, don mayafinsu ba ya ɗaukar hayaƙi, ko da yake sun yi ƙorafin cewa ba dama a yi gulma a ciki, direba yana jin komai. Da rana ta take, ƙarfinsa ya fara sanyi, sai Iro ya lallaɓa Herwagana ya jona shi da cajar Amobi, su zauna suna hira har ya ƙoshi. Idan akwai wutar gwamnati, da ita. Idan babu, da janareta.

Nuruddeen bai bar wannan ta wuce ba. Ya ce ashe Bebe ma yana shan mai, a ɓoye yake sha a Herwagana kamar mashayin da ke jin kunyar unguwarsu. Iro ya ce ya sha can, shi dai ba ta bakinsa ba.

Akwai shingen sojoji a hanyar da yake bi, inda doka ita ce a kashe inji kafin a ƙaraso. Ran farko wani dogon soja ɗan kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba, ya ga keke yana tahowa shiru kamar aljani. Ya daka tsawa, ya sa aka ɗaga kujerar baya, ya ga batura da wayoyi, ya ja da baya ya saita bindiga. Iro ya ɗaga hannu ya yi ta bayani da Hausa da guntun Turanci da nuni. A ƙarshe sojan ya sauke bindigar, ya zagaya keken, ya ciro wayarsa ya tambaya ko za ta yi caji a jiki. Daga ranar kullum sai ya miƙo wayar in Iro zai wuce, ya karɓa in ya dawo.

Ba sojan kaɗai ba. Unguwar gaba ɗaya a jikin Bebe take caji. Da yamma in Iro ya ajiye shi a ƙofar gida sai ka ga wayoyi sun yi masa layi, na samari, na matan aure, na masu sintirin unguwa, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. In ana suna ko walima, a zo a ari Bebe ya kunna ƙwan lantarki da lasifika. Ran da mahaifiyar Alhaji Bappayo, shugaban kwamitin masallacin Juma'ar unguwar, ta yanke jiki ta faɗi, motar Alhajin tana can a layin mai, Bebe ne ya kai tsohuwar asibiti. Alhajin ya riƙe hannun Iro da hannu biyu ya ce ba zai manta ba. Ya kamata a riƙe wannan maganar, don shi bai riƙe ta ba.

A gida kuwa tukunya ta koma ɗoruwa a kan lokaci. Iro yakan sauke Ihsan a makaranta da safe, tana zaune a gefensa tana kaɗa ƙararrawar ko ba akuya a hanya.

Sai bam ya tashi a tashar mota a cikin gari. Ba a gama jajen wannan ba wani ya sake tashi. Amobi ya fara tura matarsa Theodora da yara garinsu a kudu, shi ya ce zai daure. Bai daɗe ba shi ma ya sa kwaɗo a shago. Kafin ya tafi ya ɗauko cajar, wani ƙaton akwatin ƙarfe mai gurnani da 'yar jar fitila mai ƙiftawa, ya ɗora a bayan Bebe.

"Riƙe ta, Malam Iro, sai na dawo," in ji shi. "Amma ka yi hankali da inda kake jona ta. Garin nan yanzu kowa idonsa a kan waya yake."

Caja ba wuta kwalliya ce kawai, ga shi taransifomar layinsu Iro ta ƙone tun da daɗewa. Janareta mai ƙarfi ɗaya ce a kusa, ta masallacin Juma'a, wadda ake tayarwa kullum da rana don tura ruwan rijiyar burtsatse zuwa tanki. Fankokin masallacin nan da lasifikarsa duk Iro ke gyara su kyauta tun yana saurayi. Ya je ya sami Alhaji Bappayo ya roƙi alfarma.

"Haba Iro, kai da masallacinka?" in ji Alhajin. "Har sai ka tambaya?"

Haka aka yi ta yi. Kullum da rana Iro ya jingina Bebe da bangon baya, ya zura waya ta taga, ya lulluɓe shi da tamfol don zafin bazara yana cutar da batir. Ladan ya sani, masu sintiri sun sani, almajiran ilimin da ke karatu a barandar sun sani, har wayoyinsu suke turawa ƙarƙashin tamfol ɗin. Ranar Juma'a ce kawai ba ya zuwa, don ran nan akan tare hanya da benci, a caje kowa, ba a barin abin hawa ya matso.

Wata Juma'a ya yi dogon zuwa Gabukka da kaya masu nauyi, Bebe ya dawo yana jan ciki. Iro ya ga ba a sa benci ba tukuna, janareta kuma tana aiki. Ya ce bari ya ɗan jona, ya je gida ya yi wanka, ya dawo ya janye kafin jama'a su taru. A gida ya tarar ba ruwa, sai da ya jira mai kurar ruwa. A'i ta ce masa anya bai kamata ya je ya ɗauke keken tukuna ba. Ya ce mata kada ta damu, kowa ya san Bebe.

Kowan unguwa ya san shi, gaskiya ne. Amma Juma'a ba ta 'yan unguwa kaɗai ba ce. Cikin masu zuwa akwai wani dattijo ɗan gudun hijira daga Borno, wanda ya ga abin da ya gani kafin ya baro garinsu. Ya zagayo baya neman wurin alwala, ya ga keke a lulluɓe jikin bangon masallaci, waya ta fito daga ƙarƙashinsa ta shiga taga, wani abu yana gurnani, jar fitila tana ƙiftawa. Ya ƙwalla salati ya ruga. Shi kam ba mai ganin laifinsa, ko waye a matsayinsa abin da zai yi ke nan.

Masallaci ya watse. Aka tattake takalma da mutane, wani tsoho ya karye a hannu. Iro yana tahowa cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya ga jama'a suna gudu suna cewa keke ne, keke ne a bayan masallaci. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya kutsa cikinsu yana ɗaga hannu yana cewa a kwantar da hankali, nasa ne, keken nasa ne.

Ba a bari ya ƙarasa ba. Baƙi suka fara cafke shi, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne fuskokin da ya sani. Samarin sintiri da suka kewaye shi da gora, babu wanda wayarsa ba ta kwana a jikin Bebe ba, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce wannan Iro ne mai gyaran fanka. Wani ma har ya ƙara masa da mari, don a ga shi ma yana kishin masallaci. Iro ya hango Alhaji Bappayo a tsaye gefe yana gyara malum-malum, ya kira shi, ya ce ya gaya musu shi ya ba shi izini.

Alhajin ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Motar jami'an tsaro ta riga ta tsaya, ana saukowa.

"Ni dai ban ba kowa izini ba," in ji shi.

Aka jefa Iro a bayan mota, rigar Juma'a ta zama tsumma. Aka zaunar da shi a ƙasa a wani sansani, ana ta yi masa tambaya ɗaya ta fuska goma. Mai cetonsa bai fito daga Jekadafari ba. Dogon sojan nan na shinge ne ya shigo karɓar wani abu, ya gan shi, ya tsaya, ya ce ai wannan mai keken nan ne marar ƙara. Ya je ya yi wa babbansu bayani, har ya nuna wayarsa. Mutumin da ba su haɗa yare ba, ba su haɗa alƙibla ba, bai san ko sunan Iro ba, shi ne ya ce ya san shi. Washegari aka sake shi. Aka gaya masa cewa ko da masu duba bam suka isa masallacin ba su tarar da keken ba, 'yan unguwa sun riga sun yi maganinsa.

Bai biya gida ba. Ya bi sawun taya har bakin kwarin da ruwa ya yanka a bayan unguwa, ya leƙa. Ga Bebe can a ƙasa, ƙashi kawai, baƙi ƙirin.

Ya gangara ya tsuguna yana tona tokar da tsinke. Batir shida in sun ƙone dole su bar dalma narkakkiya, mai yawa ma. Babu ko ɗigo. Wayoyin da ke kama kan baturan suna nan, kuma ba fizge su aka yi ba, kwance notinansu aka yi ɗaya bayan ɗaya, da sifana, cikin natsuwa. Injin da ya naɗa da hannunsa babu. Cajar Amobi babu. Wato mutanen da suka ce bam ne sun tura bam ɗin da hannunsu har bakin kwari, sun zauna sun kwance shi, kowa ya saɓi rabonsa a kafaɗa, sannan suka cinna wa ragowar wuta don kada a yi tambaya. Tsoro ya kori baƙi, 'yan gida kuwa kwaɗayi ne ya tsayar da su.

Sai iska ta juyo, wari ya bugi hancinsa daga cikin tokar. Fetur. Keken da ya wanke da ruwan zafi don ya rabu da wannan warin, da shi aka yi masa wankan ƙarshe. Iro ya dafa gwiwa ya yi amai a wurin, ba komai a cikinsa sai ruwa mai ɗaci.

Nuruddeen yana jiransa a zaure, ya kasa haɗa ido da shi. Ba a tambaye shi ba ya fara magana. Ya ce sun yi ta ƙyasta ashana keken ya ƙi kamawa, tunda ba mai a jikinsa, sai suka zo teburinsa da galan.

"Ka ba su," in ji Iro.

"Yaya, da na hana, cewa za su yi bakinmu ɗaya. Ka san yadda garin yake."

Iro ya san yadda garin yake. Ya ƙara sani da aka yi sallar magariba, ya fito ƙofar gida ya ga layin da ya yi wata da watanni cikin duhu ya yi 'yan taurari. Farin ƙwai a wannan zaure, talabijin tana magana a wancan gida. Har a zauren Alhaji Bappayo akwai haske, an ce ɗansa ne ya samo batir a wurin wani abokinsa.

Kuma 'yan unguwar suka zo jaje, wannan ne abin da ya fi tayar masa da zuciya. Suka yi layi a zaure da fuskokin tausayi, ana Allah ya kiyaye gaba, ana ƙaddara ce, ana ai an gode Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe. Wanda ya mare shi ma ya zo, ya tsuguna ya fi kowa daɗewa. Alhaji Bappayo ya zo da kansa, ya rage murya ya ce Iro ya yi masa uzuri, da ya ce ya sani da yanzu su biyun suna can, wa zai fito da wani? Iro ya ce ba komai. Da suka fita ya sa A'i ta ɗauke tabarmar ta wanke. Bai sake salla a masallacin ba, yakan taka har wata unguwa.

Ya kira Amobi a waya ya gaya masa maganar caja. Amobi ya ce caja banza ce, tunda yana da rai. Ya ce in ƙura ta lafa zai dawo su haɗa wani. Amma ƙurar ba ta lafa ba, kuma ko da ta lafa, wa zai sake yarda a jingina masa keke mai waya a bango? 'Yan gwangwan ma da ya leƙa, suna ganinsa suka ce ba su da gawar keke, alhali ga su nan jibge a bayansu.

Ya koma shago ya zauna. Ba fanka, ba injin ruwa. A'i ta sayar da 'yan kwanukan jerenta ba ta gaya masa ba, shi ma ya ga gurbinsu a kabad bai tambaya ba. Ba ta sake yi masa maganar tebur ba ko sau ɗaya. Wata safiya dai ta ɗauko buhun masara a gabansa, ta kama gindinsa ta zazzage a faranti, abin da ya fito bai rufe farantin ba. Ta naɗe buhun ta ajiye, ta shiga ɗaki.

Lokacin an shiga wata wahalar man, layi ya miƙe a kowane gidan mai, teburin Nuruddeen kamar ana rabon zakka. Da Nuruddeen ya ga yayansa ya taho, sai ya matsa masa a benci. Ya ce shi zai riƙa zuƙowa, Iro ya tsaya a kan mazurari da awo kawai. Iro ya ɗaure hanci da ƙyalle ya yi ta zuba wa masu babur, yana haɗiye yawu.

Da la'asar Nuruddeen ya tafi karɓo jarkoki. Sai ga wani direba ya raɓo lungu, ya buɗe tanki, yana waige-waige, ya ce a yi sauri, in ba a so ya yi gaba, masu so suna da yawa. Iro ya duba hanya, ba Nuruddeen. Ya tuna farantin A'i. Ya ɗauki tiyon, wanda ya yi zafi da rana, bakinsa duk shatin haƙoran ƙanensa. Ya kwance ƙyallen ya zura tiyon a tanki ya zuƙa. Man ya taho da ɗumi, ya cika masa baki, kaɗan ya wuce. Ya mayar da tiyon cikin jarka, ya juya ya tofar, ya sake tofarwa, idonsa yana ruwa. Direban ya ce da gani sabon shiga ne.

Kafin ya shiga gida ya tsaya a bakin famfo ya wanke baki da sabulu. Ya goge da toka, ya tauna asuwaki har dasashinsa ya yi jini, ya sayi kanumfari ya cika baki. Ya shiga da ƙullin gari da kayan miya, rabonsa na ranar. A'i ta karɓa, hancinta ya ɗan motsa, ta ce sannu da aiki, ta juya da sauri ta nufi murhu.

Da tuwo ya sauka ta kawo masa zaure. Ya buɗe kwano ya jira kamar kullum. Ihsan ta shigo da gudu, ta zauna a jikinsa, ta fara ba shi labarin makaranta. Ya sunkuyo zai amsa mata. Yarinyar ta ɗan ja da baya, ta dubi tuwon, ta dube shi. Hannun da ta miƙa ta janye shi a hankali ta goge a zane.

"Baba, na ƙoshi," in ji ta.

Ta tashi ta zagaya wurin uwarta. Yana jin ta tana tambaya ko akwai ƙanzo.

Iro bai kira ta ba. Ya ja kwanon gabansa, ya juya ya fuskanci bango.